Irin Shinkafar da Aka Dafa

Zuwaira ba ta da komai sai fadama guda a bakin tafkin Kainji, a wani ƙauye kusa da Wara, da jikoki biyu da take riƙo tun rasuwar ɗanta. Shinkafar da take nomawa ta gargajiya ce, mai dogon kara. In ruwan tafki ya taso, ita ma sai ta yi ta miƙewa, kanta na sama. Ba ta ba da yawa, amma ba ta nutsewa.

Da rani wani saurayi mai suna Lukman, malamin gona, ya zo aikin sa kai daga wata ƙungiyar taimakon manoma. Ya ce zai zauna da su har shekara ta zagayo. Yana da fara'a, har ƙasa yake durƙusawa in zai gaida manya. Ya zo da sabon iri, gajere, mai saurin nuna.

"Inna, wannan tun kafin damina za mu shuka shi, mu ba shi ruwa da inji. Kafin tafki ya cika kin girbe kin kai rumbu. Injin ni zan karɓo a Yelwa."

"In ka tahi hwa, ɗana?"

"Ina za ni, Inna? Da ni za a ci sabon tuwo."

Zuwaira ta yarda. Ba ta tsaya nan ba, ta bi gida-gida tana lallashin mata, har maƙwabciyarta Indo, mai taurin kai, ta karɓa. Da hatsi ya yi ƙaranci, matan suka surfe tsohon irinsu suka dafa wa yara. Su ajiye shi su yi me?

Lukman kuwa ya fara gajiya. Sauro ya hana shi barci, ruwan rijiya ya ɓata masa ciki, waya ba ta kamawa sai ya hau tudu. Ya daina zuwa fadama. Wata safiya ya hau kabu-kabu da jakarsa, ya ce zai je karɓo inji.

Bai dawo ba. Matan suka jira har damina ta sauka, suka shuka sabon irin a makare, domin ba su da wani irin. Shinkafar ta fito kore shar, har ta ɗauki ciki. Sai tafki ya taso kamar yadda ya saba. Ruwa ya kai wa shinkafar wuya, ya rufe ta ruf.

Indo ta zo ƙofar Zuwaira tana jan 'ya'yanta.

"Uwar malami, hito! Ga ɗiyana, ki ba su abinci. Ke kinka ce mu dahwa irinmu!"

"Indo, ni ma..."

"Ke ma mi? Ɗan naki na ina?"

Daga ranar ba wadda ta ƙara amsa gaisuwarta. In jikokinta suka shiga gidan da ake cin abinci, sai a rufe kwano.

Zuwaira ta ari waya, ta hau tudu, aka kira mata Lukman.

"Malam Lukman, Zuwaira ce."

"Wace Zuwaira?"

"Ta bakin tabki. Shinkahwar ta nutse."

"Ayya! Inna, ai na samu aiki a Birnin Kebbi. Allah ya kiyaye gaba." Ya kashe.

Kafin kaka ta wuce, dangin uwar yaran suka aiko kwale-kwale daga Shanga aka tafi da su, tunda ba ta iya ciyar da su. Ƙaramin ya riƙe zaninta yana ihu, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Masu karatu, aikin sa kai a karkara yana son haƙuri da juriya da cika alkawari, ba fara'a kawai ba. Wanda ya san ba zai iya zama har girbi ba, kada ya raba manomi da irinsa.