Telar da Ta Ƙi Yanka Yadi

"Ba ni yadina!" Wata malamar makaranta ta fizge ledarta daga kan keken ɗinkin telarta. "Ɗinki na kawo miki ko duba?"

Laifin telar ɗaya ne. Tana cikin auna mata ƙirji sai hannunta ya tsaya cak a gefen nonon hagu. Ta ce ta ji ƙullutu, kuma almakashinta ba zai taɓa yadin nan ba sai likita ya duba, don kar a je ciwon daji ne.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Shekara bakwai kina yi mini ɗinki, yau kuma kin zama likita? Ina da 'ya'ya uku za ki yi mini mugun fata?"

Telar ta ce, "Yaya, wata nawa da fitowarsa?"

"Ina ruwanki? Teloli sun ƙare ne a duniya?"

Ta juya za ta fice. Telar ta cafko hannunta, ta ɗora a kan nata ƙirjin, ta danna da ƙarfi. Ba tsoka ba ce. Soso ne da ƙyallaye, an ɗinke su tsaf cikin rigar mama.

"Ni ma haka na zagi wadda ta gaya mini," in ji telar. "Shekara guda na yi ina gaba da ita. Ga abin da fushin ya ci. Ki yi fushinki, Yaya, amma ki yi shi a layin asibiti."