Haruffa Uku Bayan Waƙafi

Likitar gidan kula da tsofaffi ta tura wa Baba takarda da biro. "Yallaɓai, sunanka kawai za ka rubuta min."

Idan ya rubuta, in mayar da shi gidansa na garin Sudbury. Idan ya kasa, a nan zai zauna. Na tsaya jikin taga ina kallon dusar ƙanƙara tana rufe motata.

Shekara bakwai Baba ya yi yana aiki a kamfanin haƙar ma'adinai, yana karatun akanta ta wasiƙa, kafin a yarje masa sa haruffan CGA, shaidar ƙwararren akanta, bayan sunansa. Ko a katin zagayowar ranar haihuwata sai ya sa su. Da aka haɗe ƙungiyoyin akantoci, kowa ya koma CPA, cewa ya yi, "An zuba mu tukunya ɗaya da 'yan jami'a." Ya dube ni. "Kai ka huta, malam. Ba ka da ko harafi ɗaya da za a ƙwace."

Yau da safe ya ɗauka direban tasi ne ni.

Biron ya daɗe a sama. Sannan hannun ya sauka, ya tafi ba gargada, kamar da.

Likitar ta juyo da takardar. Gurbin suna fari fat. Can gefen dama, waƙafi ne da haruffa uku: CGA.

Ta rage murya. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Shi ne."

Na fita ɗauko jakarsa daga mota, in shigo masa da ita.