Zare a Allura

Tun da aka kawar da zazzaɓin cizon sauro, maganinsa ya koma na masu amosanin gaɓɓai. Yana sassauta yatsu, amma yana cin ido a hankali. Saboda haka na'urar asibiti ba ta sakin ƙwaya sai ka zura zare a allura a gabanta. Masu kafa dokar ba su taɓa ɗinki ba.

Tasalla mai ɗinkin hula ta zura tashi ɗaya.

Mai ba da magani ta sunkuyo. "Inna, ke kika gani, ko yatsunki?"

"'Yar nan, na'urar ta tambaya?"

"Idonki zai tafi."

"Ya daɗe da yin sallama. Hannun nake lallashi."

Matar ta miƙo ƙwayoyin. Tasalla ta tara tafinta inda babu kowa.