Garin da Ya Sauki Gasar Kokawa

In ka ji gari yana rawar jiki a kawo masa babbar gasa, ana cewa arziki ne zai shigo da ƙafarsa, to ka tuna da wani manomi mai shanun huɗa biyu. A shekarar da aka ba garinsu gasar kokawa ta ƙasa, manya suka tara jama'a suka yi bayani. Za a gina fili mai matakalar zama, a zuba masa rairayi, a gyara hanyar da ta taso daga tasha. Tunda kuma asusun hukuma ba ya jin daɗin jikinsa a lokacin, kowane magidanci zai sa hannu. Wanda ya sa, in ji su, shuka ya yi, domin baƙi za su zo dubbai, kowa da aljihunsa. Manomin nan ba mai gardama ba ne, mutum ne dai mai son sanin yadda abu yake tafiya. Ya tambaya ta ina arzikin zai bi ya iso gidan talaka. Aka ce masa ta ciki, ai baƙo dole ya ci abinci. Ya juya maganar ya ga ta zauna. Ya ba da nasa karo-karon, sannan ya haɗa kai da wani mahauci maƙwabcinsa a kan za su yanka ɗaya daga cikin shanunsa, su yi tsire da balangu a ƙofar fili. Matarsa ta ce, "Malam, sa ɗaya dai ba ya jan garma." Ya ce, "Kafin damina, shanu uku za ki gani a turke." Ta ce Allah ya nuna mana, da irin muryar da mata suke faɗin haka.

Baƙi kuwa sun zo, wannan ba a yi wa kowa ƙarya ba. Abin da aka manta a wurin bayani shi ne halin garin kansa. Tun kaka da kakanni abin kunya ne a wurinsu a ce baƙo ya sa hannu a aljihu don ya ci. Aka raba baƙin unguwa-unguwa, gida-gida, nan take kuma aka buɗe wata gasar da ba a sanar ba. Unguwar gabas ta yanka raguna, ta yamma ta ji labari ta kayar da bijimi. Akussa suka riƙa fita daga gidaje safe da yamma kamar ana suna a kowane lungu. Shi kansa manomin an sauke masa wasu 'yan kokawa da makaɗinsu a zaure, ɗan kokawa kuwa ba ya cikin mutanen da likita ke rubuta wa maganin buɗe ciki. Can ƙofar fili tsire na ta ƙamshi, baƙi na wucewa suna sakace, suna cewa, "Sannu da aiki, mai gida, hannunka na da kyau!" Kaɗan da suka tsaya, in manomin ya duba sai ya ga baƙon maƙwabcinsa ne, ko na surukinsa, ko nasa. Mutum ya miƙo kuɗi, bakin manomin ya riga shi cewa, "Haba, bar shi mana." Nama ba ya jira. Abin da ya rage da yamma sai a kai zaure, inda ake karɓarsa hannu bibbiyu.

Da abin ya ishe shi, sai ya bar mahauci da hayaƙi ya shiga zagaye, don har yanzu yana son ya ga arzikin nan da idonsa, ko da ba nasa ba ne. Ya kuwa gan shi. Baƙi suna da aljihu, kuma suna buɗe shi. Suna buɗe shi a bakin ƙofa, inda masu shirya gasa da suka zo daga babban birni suke zaune da akwatin ƙarfe. Suna buɗe shi a goshin makaɗa da maroƙan da suka zo tare da su. Dokin da aka saya da karo-karon gari don gwarzon gasa, wani ƙato daga nesa ne ya ja shi ya tafi, domin ɗan kokawar garin tun ranar farko ya kai bayansa ƙasa, bai ɓata wa kowa lokaci ba. Arziki dai ya shigo garin da gaske, ya kuma fita, ko takalmi bai cire ba.

An yabi garin ƙwarai, har a rediyo an ce ba a taɓa ganin karamci irin nasu ba. Filin yana nan, awaki sun ce inuwarsa ba laifi. Da ruwan farko ya sauka, manomin ya fita neman mai sa ɗaya su haɗa, bai kuma sha wahalar nema ba, don a shekarar irinsa suna da yawa. Sai dai san huɗa kowanne da gefen da aka hore shi, na dama da na hagu. Wanda ya samu na dama ne, nasa ma na dama ne. Aka ɗaura musu karkiya kowanne yana neman wurinsa, kunyar huɗa ta riƙa fita a karkace kamar sawun maciji. Kafin su saba da juna ciyawa ta rufe rabin gonar, ɗaya rabin kawai ya shuka a shekarar.

Abin da Bahaushe ya gani ke nan ya ce, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.