Kwamfutocin da Suka Ƙi Tashi

Na ga tun ɗazu kana ta kiran mutanen ofishin can kana jera musu tambayoyi daga nan inda kake zaune. Bari in ba ka wani misali, in ya so ka ci gaba.

An yi wani mai gyaran kwamfuta, gwani ne, ba a raina hannunsa, sai dai akwai shi da son jiki. In abu zai yiwu daga kan kujera, to ba mai ɗaga shi. Wani mai ofishin zanen gine-gine ya kira shi, ya ce yana so a shirya masa kwamfutocinsa yadda ko an tashi aiki an kashe su, mutum zai iya tada tasa daga gida ko daga wurin gini, ya ɗauki zanen da yake buƙata. Ya yi masa alkawarin in abin ya yi, zai damƙa masa kula da na'urorin sauran rassansa gaba ɗaya. Irin aikin da mai gyara ya daɗe yana nema ke nan, ya sa rai ƙwarai. Abin kuwa ba tsafi ba ne. Kwamfuta ko an kashe ta, muddin wuta na shiga jikinta, ɗan wurin da ake soka kebul ɗin intanet ba ya barci, yana nan yana saurare. In aka aiko masa da wani ɗan saƙo mai ɗauke da lambarsa, sai ya tada sauran. Mai gyara ya je da hantsi, ya shiga saitin kowace ya buɗe mata wannan hanya, ya kashe su, ya aika saƙon daga wayarsa, duk suka tashi a gaban mai ofis. Aka yi ta sambarka, ya koma gida yana jin kansa.

Ran Asabar mai ofis yana wurin gini, mai gidan da ake ginawa na tsaye a kansa yana jiran ganin zane. Mai ofis ya aika saƙo, shiru kamar an shuka dusa. Ya ji kunya, ya kira mai gyara a fusace. Shi kuwa daga ɗakinsa ya fara bincike. Ya zargi na'urar da ke raba intanet, ya shiga daga nesa ya sake mata saiti. Ya bi lambobin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ko ya yi kuskure, bai yi ba. Ya tuna akwai irin kashewar da ke toshe wa kwamfuta kunne, ya gyara wannan ma. Ban ga laifinsa a nan ba, su ne abubuwan da ake fara dubawa. Amma da rana in ya sa an kashe ɗaya ya gwada, sai ta tashi, da an tashi aiki kuwa ko ɗaya ba ta motsi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya nemi takalminsa, shi kuwa sai ya ƙara gyara zama. Yakan kira sakatariyar ofishin ya tambaya ko kebul na nan a jone, ta ce yana nan. Ko wani ya taɓa wani abu, ta ce ba wanda ya taɓa. Ita dai iyakar gaskiyarta ta faɗa. Mai ofis ya ce ya zo ya gani da idonsa mana, mai gyara ya ce ai ciwon a hanya yake, ba a ɗaki ba, zuwansa ba zai ƙara komai ba. Har sabuwar na'urar raba intanet ya sa aka saya, aka jona, jiya i yau. Haƙurin mai ofis ya ƙare, ya ba wani mutum aikin, ya aika wa mai gyara ya kawo makullin akwatin na'urori da ke hannunsa.

Kunya ta hana mai gyara zuwa da safe, sai ya bari har la'asar sakaliya, ya iske ana tashi. Yana tsaye da makulli a hannu, sakatariya ta kashe kwamfutarta, ta rataya jaka, ta bi bango tana kashe soket, wani da hannu, wani da babban yatsan ƙafa, tana hirarta da abokiyar aikinta ko kallon abin da take yi ba ta yi. Ɗan koren hasken da ke bayan kowace kwamfuta ya riƙa mutuwa a gaban idonsa. Ya tambaye ta tun yaushe suke yin haka. Ta ce tun shekarar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone musu firinta, na'urar buga takardu, duk wanda ya fita ƙarshe shi ke kashewa. Ya ce don me ba ta taɓa gaya masa ba.

Ta ce, "Malam, wannan ai kamar rufe ƙofa ne. Wa ke ba da labarin ya rufe ƙofa?"

Ashe duk saƙon da yake ta aikowa, ba kunnen da zai ji shi. Maganin ma ba wani abu ba ne, a bar soket a kunne, a sa na'urar da ke tare ƙarfin wuta a tsakani. Ya shiga wurin mai ofis da sauri ya ce ya gano matsalar, a ba shi ɗan lokaci. Mai ofis ya karɓi makullinsa ya jefa a aljihun tebur.

Ya ce, "Na gode. Wanda na ba aikin ya gani tun jiya. Bai taɓa komai ba, zama ya yi a bencin can har muka tashi."

Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce zuwa da kai ya fi saƙo.