Gwangwani a Ƙafarta

"To, ta biya mu ji," in ji Malam, ya ɗora allonta a cinyarsa. In ba ta biya ba, ba za a wanke allon ba, kuma zamanta a makarantar ya ƙare.

'Yar maƙwabtanmu ce a unguwar Nima. Shekararta tara, ba ta taɓa furta kalma ba, hannuwanta ba sa riƙe komai. Ƙafar dama kaɗai take iya motsawa. Ni ɗan dako ne, karatuna bai yi nisa ba, sai dai haƙuri. Na ɗaura mata gwangwanin madara mai tsakuwa a ƙafar. Wata shida ina biya mata, in na ɓata da gangan ta kaɗa.

Na ce, "Malam, ni ne bakinta. Zan ɓata sau uku."

Na fara a hankali. Kacau. Kacau. Kacau. Dab da ƙarshe, sai ga na huɗu.

Na yi sauri na ce, "Ayya, Malam, ta gaji ne."

Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ita ta gaji? Aya guda ka tsallake! A wanke allonta. Kai kuma gobe ka zo da naka, ka zauna kusa da ita."