Kwamfutar Kwanni

Ta danna maɓallan gyara kuskure yadda ta saba, sai shafin ya rufe. Tarihin da kakarta ke faɗa mata tun safe tana rubutawa ya tafi, ba ta adana ba.

Mijinta, da ya sayo kwamfutar a Kwanni, can ƙetaren iyaka, ya leƙo. "Ta Faransawa ta, haruffanta a sauye suke. Ke za ki bi ta."

"Wutar garinmu Bodinga taka sha. Ita za ta bi ni!"

Ta shiga saitin kwamfutar ta mayar da kowane maɓalli inda yatsunta suka san shi, ta shafe haruffan Faransawa da jan farce. Sannan ta juya ga tsohuwar da muryarta ta dushe.

"Inna, daure, koma farko."